Yadda ake shirya hutun hunturu da abokai a tsibirin Zanzibar

A watannin da hazo ke rufe Kano da Damagaram, ana ɗumama ruwan alwala da asuba, tsibirin Zanzibar yana tsakiyar zafinsa. Yana Tekun Indiya ne, gab da gaɓar Tanzaniya, kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga Disamba zuwa Fabrairu zafin rana kan kai digiri 31 zuwa 33, ruwan teku kuma da ɗuminsa har bayan magariba. Abokin da ke Ingila yana gudun ƙanƙara da wanda ke gida yana gudun ƙura duk za su iya haɗuwa a can. Ga Bahaushe akwai sauƙin da ba kowane tsibiri ke da shi ba: kusan duk mutanen wurin Musulmi ne, kiran salla na iske ka duk inda kake, abincin cikin gari halal ne, suturar da ka saba da ita kuma ita ce ta mutanen gari.

Abubuwa uku suka fi ɓata wa abokai irin wannan tafiya, kuma duka ukun tun a gida ake warware su: takardun shiga ƙasa, kuɗin da aka haɗa, da gefen tsibirin da aka kama masauki.

Yawanku da lokacin tafiya

Mutum huɗu ko shida ya fi daɗin tafiyarwa. Ƙaramar bas ɗin da ke ɗauko baƙi daga filin jirgi tana cin mutum shida da akwatunansu, ɗakuna kuma bibbiyu ake kwana. In kun kai bakwai kun shiga mota biyu. In kun zama biyar wani zai kwana shi kaɗai, sai a yanke tun farko ko shi zai biya bambancin ko a raba wa kowa.

Daga 20 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu tsibirin ya fi cika, ya fi tsada. Otal da yawa a wannan tsakani ba sa karɓar mai kwana ɗaya ko biyu, wasu kuma suna ɗora wa kowane baƙo kuɗin liyafar daren 24 da na 31 ga Disamba, ya ci ko bai ci ba. Idan hutun aikinku ya ba da dama, ku ɗauki sati na biyu na Janairu zuwa ƙarshen watan. Lokacin farashi ya sauko, ƙaramar daminar da ake yi a Nuwamba da farkon Disamba kuma ta ɗauke. Ranar 12 ga Janairu hutu ce ta tunawa da juyin juya halin 1964, bankuna da ofisoshi a rufe suke. Ku duba kalandar Musulunci ma, domin a shekarun nan azumi ya shigo Fabrairu yana gangarowa Janairu, kuma a Ramadan ba a cin abinci a fili da rana, gidajen abinci da yawa na cikin gari sai an sha ruwa suke buɗewa.

Takardu

Zanzibar na da shugabanta da majalisarta, amma tun haɗewarta da Tanganyika a 1964 da bizar Tanzaniya ake shigarta. A nan ne mai fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi zai buɗe ido. Hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta sa waɗannan ƙasashe a rukunin da take kira rifaral, wato waɗanda sai sun nema ta intanet an miƙa takardunsu sama an amince kafin su taso. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya kuɗin jirgi ko na masauki kafin amincewar ta fito. Mai son sauka a ƙarshen Disamba ya cika fom a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, don ya samu sararin sayen tikiti bayan amincewar ta fito. Za ku ji wani ya ce shi ya je an buga masa a can ba tare da wata wahala ba. Kada ku jingina kuɗin mutum shida a kan labarin mutum ɗaya, domin ma'aikatan jirgi tun a Abuja ko Addis Ababa suna iya hana wanda ba shi da takardar amincewa hawa. Mai fasfon Ghana ba ya buƙatar biza. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne. Jerin ƙasashen yakan sauya, saboda haka ku sake karanta shi a makon da za ku nema, kuma a shafin gwamnati kaɗai za ku biya, don akwai shafukan dillalai masu kama da shi da ke ninka kuɗin.

Fom ɗin zai tambayi tikitin dawowa da inda za ku sauka. Mafita ita ce mai sayar da tikiti ya riƙe muku kujeru ba tare da an biya ba ya ba ku takardar shaida, ku kuma kama masaukin da ake iya sokewa kyauta. Kowa nasa fom ɗin zai cika, kuma amsar ba ta zuwa lokaci ɗaya ko da rana ɗaya kuka nema. Ku sa rana tun farko, ku ce ranar kaza waɗanda tasu ta fito za su sayi tikiti, wanda tasa ta makara ya biyo baya da farashin da ya tarar. In ba a faɗi wannan a sarari ba, mutum biyar za su zauna jiran ɗaya har kuɗin jirgi ya tashi musu duka.

Fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla daga ranar shiga, da shafin da ba a buga komai ba. Ku kula da rubutun suna, don nan ne mutanenmu ke yawan tuntuɓe: wanda fasfonsa ya ce Mohammed amma abokin da ya saya masa tikiti ya rubuta Muhammad zai biya kuɗin gyara ko ya rasa jirgi. Kowa ya tura hoton shafin fasfonsa ga mai sayen tikiti, a kwafa harafi bayan harafi.

Sai katin rigakafin cutar shawara. Duk wanda ya taso daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan za a nemi katin a hannunsa. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta saura kwana uku ya tashi, katinsa bai zama hujja ba tukuna. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, wanda ya taɓa yi don Hajji ko Umara ya nemo tsohon katinsa.

Daga 1 ga Oktoba 2024 an ƙara wani sharaɗi da har yanzu mutane ke mantawa da shi: kowane baƙo sai ya sayi inshorar hukumar Zanzibar Insurance Corporation, dala 44 ga babba, tana aiki har kwana 92, ko da yana da wata inshorar daga gida. Ku saya ta intanet kafin ku tashi. Biza, inshora, tikiti da takardar masauki duk ku buga su a takarda, domin waya kan mutu a daidai gaban teburin jami'i. Haka kuma ku zazzage ledoji daga cikin kaya, Tanzaniya ta haramta shigo da leda tun Yunin 2019, sai ƙananan masu zif da ake zuba sabulu da man shafawa.

Kuɗin taro

Abin da ke raba abokai a tafiya yawanci ba ya wuce kuɗin mota da wani ya biya sau uku ba a mayar masa ba. Maganinsa a naɗa ma'aji guda tun ranar da aka yanke shawarar tafiya, mutum mai rubuta komai wanda ba ya jin nauyin tambayar bashi. A raba kashewa gida biyu. Na taro shi ne masauki, mota, kwalekwale, kuɗin shiga wurare, ruwan sha da abincin dare idan tare ake ci. Na kai shi ne biza, inshora, tikitin jirgi, tsaraba da duk abin da mutum ya yi sha'awa shi kaɗai. A kan jimillar na taro a ɗora kashi 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, abin da ya ragu a raba ranar dawowa.

A tara kuɗin kashi uku, a ce Agusta, Oktoba da farkon Disamba, kuma duk abin da ya shigo ma'aji ya mayar da shi dala a makon, domin masauki da dala ake ƙiyasta shi, kuɗin gida kuma na iya zubewa kafin ranar biya. A rubuta a zauren WhatsApp na tafiyar cewa wanda ya fasa bayan an biya kafin alƙalamin masauki, kasonsa ba ya dawowa sai in ya kawo wanda zai maye gurbinsa. Maganar tana da nauyi a baki a watan Agusta, amma ta fi nauyi nesa a watan Disamba.

Ku riƙe dala a hannu, sababbi, marasa yagewa ko tambarin 'yan canji. Masu canji a can kan ƙi takardun da aka buga kafin 2009, kuma 'yan 50 da 'yan 100 sun fi ƙanana samun farashi mai kyau. Kuɗin ƙasar shilin ne, kuma tun 2025 dokar Tanzaniya ta ce da shi za a yi cinikin cikin gida, don haka ku canza isasshe a birni kafin ku fita ƙauyukan bakin teku inda na'urorin cire kuɗi 'yan kaɗan ne kuma sukan ƙare a ƙarshen mako. Takarda mafi girma ta shilin 10,000 ce, saboda haka canjin dala ɗari biyu ma dami ne, a raba shi hannun mutum biyu. Wuraren da ke karɓar kati sukan ƙara wani kaso a kai. Akwai kuma harajin 'yan daloli da ake karɓa a masauki kan kowane mutum kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da kuka gani a intanet, ku tambaya a rubuce.

Hanya

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga arewa. Ethiopian Airlines na ɗauka daga Kano, Abuja, Legas, Yamai, Njamena da Accra ta Addis Ababa, Kenya Airways kuma daga Legas ta Nairobi, duka suna sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume da ke 'yan kilomitoci kudu da birni. Idan sai kun hau jirgin cikin gida kafin ku kama na waje, ku bar kwana guda a tsakani, domin hazon Disamba da Janairu na soke tashin jirage a filayen arewa, jirgin waje kuma ba zai jira ku ba. Wanda ya samu tikiti mai sauƙi zuwa Darussalam zai iya ƙarasawa da jirgin ruwa mai gudu na Azam Marine, tafiyar kusan awa biyu. Ya sayi tikiti a ofishin kamfanin, ba hannun masu tarye a bakin ƙofa ba, ya riƙe fasfo a kusa don za a sake duba shi a tashar Zanzibar, kuma mai jin jiri ya sha maganinsa minti 30 zuwa awa guda kafin a tashi. Agogon can yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Ruwan teku da zaɓen gaɓa

Wannan ne wurin da hotunan intanet suka fi yaudarar mutane. Tsibirin Unguja, wanda shi ake nufi idan aka ce Zanzibar, tsawonsa kusan kilomita 85 ne, kuma gaɓoɓinsa ba hali ɗaya gare su ba. Ruwan teku yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kowace rana, tsakanin cikowa da janyewa kusan awa shida, kuma lokacin na jinkirta da kusan minti 50 kullum. A gabas, wato Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne har zuwa wata katangar murjani da ke can ciki, don haka idan ruwa ya janye yakan yi nisan kilomita guda ko fiye. Da hantsi za ka fito da niyyar wanka ka tarar da farin rairayi iya ganinka, kwalekwale sun kwanta a gefe guda a kan yashi, mata sun sunkuya cikin gonakin ciyawar teku da suka kafa da turaku da igiya suna ɗaura sabon iri. Abin kallo ne mai kyau, amma wanda ya biya kuɗinsa don ya faɗa ruwa duk sanda ya ga dama zai jira sai la'asar.

A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar na gangarawa da sauri, ana iya wanka a kowane lokaci, kuma ana ganin faɗuwar rana a kan ruwa. Kuɗin wannan shi ne cunkoso, tsada da kiɗa har tsakar dare, musamman a Kendwa da ake casu a kowane cikar wata. Gabas ta fi shiru da araha, gidajen haya na taro sun fi yawa, sai dai daga tsakiyar Disamba iskar arewa maso gabas da suke kira kaskazi na busowa, tana tara ciyawar teku a bakin gaɓa tana kuma cika Paje da masu wasan iska a kan ruwa. Idan yawancinku ba su iya iyo ba kuma hira da hutawa suka kawo ku, Jambiani ta fi dacewa. Idan ruwa ne ya kawo ku, ku nufi arewa, amma ku kama masauki nesa kaɗan da wuraren kiɗa.

Wanda ya san kwanan wata na Musulunci ya riga ya san rabin jadawalin ruwan. A kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗu zuwa sha shida, ruwan ya fi cikowa ya kuma fi janyewa, bambancin kan kai mita huɗu, kuma yawanci da hantsi yake janyewa ya dawo da la'asar. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu motsin kaɗan ne. Duk da haka ku sauke jadawalin ruwan Zanzibar a waya, ku tsara fitar kowace rana a kansa kafin ku tsara ta a kan komai.

Hatsarin gabas shi ne tattaki zuwa katangar murjani. Mutane kan taka su yi nisa suna kallon ƙananan kifaye a kududdufai, ba su san cewa ruwan idan zai dawo yana fara cika kwarurrukan da ke bayansu ba ne. Kafin su juyo, hanyar da suka bi da ruwa iya idon sawu ta kai ƙirji. Ƙa'idar ita ce a tashi saura awa ɗaya da rabi ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa, a juyo da zarar lokacin ya yi, kuma a tafi da ɗan gari. Kowa ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya tsakanin duwatsu. Ƙayarta na karyewa a cikin fata. Idan ta soki wani, a cire abin da ya fito da hantsaki, a jiƙa ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda zai iya jurewa na rabin awa ko fiye, in kuma ta shiga gaɓa ko wurin ya kumbura a je asibiti.

Kafin ku biya mai kwalekwale, ku ƙirga rigunan ceto da idonku, ɗaya ga kowane mutum, masu igiyar ɗaurewa da ba ta tsinke ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma wanda ya koyi iyo a rafi ko madatsar ruwa bai san jan da igiyar teku ke yi a ƙarƙashi ba. Wanda bai iya ba ya faɗa tun a gida, kada kunyar abokai ta sa ya yi tsalle daga kwalekwale. Da rigar ceto, gilashin ido da bututun numfashi zai ga duk abin da masu iyo ke gani, in dai ya gwada numfashi da bututun a ruwa iya gwiwa kafin a kai shi mai zurfi.

Masauki

Ga mutum shida, gida mai ɗaki uku da madafa yawanci ya fi ɗakunan otal uku sauƙi, ya kuma ba ku falon hira da wurin jam'in salla. Idan akwai mata a tafiyar, gida mai katanga da wurin wanka nasa na ba su sakewar da otal ba zai ba su ba. Tambayoyin da za ku aika wa mai gida kafin ku biya: akwai janareta ko sola, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai? Wutar tsibirin daga babban yankin ƙasar take zuwa ta wayar ƙarƙashin teku, kuma ana ɗaukewa. Akwai gidan sauro a kowane gado? Taku nawa ne zuwa bakin ruwa? Ana samun mai dafa abinci, kuma wa ke cefane? Ruwan famfo a ƙauyukan gaɓa yakan yi gishiri-gishiri, na wanka ne kawai, na sha sai na roba, kuma manyan jarkoki sun fi ƙananan robobi araha. Soket ɗin wuta mai baki uku ne irin na Najeriya da Ghana, mutanen Nijar, Kamaru da Chadi su zo da mahaɗi.

Yadda za a raba kwanaki

Ga mai kwana bakwai, biyu a tsohon birni da biyar a bakin teku guda sun wadatar. Sauya masauki sau uku na cinye rabin yini kowane karo, domin daga birni zuwa Nungwi kusan awa ɗaya da rabi ne, zuwa Paje kuma awa ɗaya da wani abu. Fita ta taro ɗaya a rana ta isa, a yi ta da safe, bayan azahar kowa ya yi abin da ransa ke so. Mai son barci ba ya bin mai son yawo bashin komai.

Tsohon birnin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da ƙafa ake zaga shi don lungunansa ba sa cin mota. Ku ɗauki ɗan rakiya mai lasisi na awa uku a safiyar farko. Zai kai ku tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, da fadar Beit al-Ajaib da Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883 wanda wani ɓangarensa ya rushe a Disambar 2020, da kasuwar Darajani, da cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Wannan na ƙarshe ku ba shi lokacinsa, ku sauka ɗakunan ƙasa ku karanta bayanan da ke bango a natse. Daga bakin ruwan birni minti 20 zuwa 30 ne a kwalekwale zuwa tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, zuriyar waɗanda aka kawo daga Seychelles a 1919. Gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi rabin yini ne, za ku ga kanumfari, kirfa, masoro da citta a jikin shukarsu, kuma tsarabar da aka saya a Darajani ta fi ta gonar araha. A hanyar gabas ku tsaya dajin Jozani don birai masu jan baya da ba a samun irinsu sai a Zanzibar. Can kudu a Kizimkazi akwai masallaci mai tsohon rubutun Larabci irin na Kufi da ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, ya cancanci tafiyar fiye da tseren kwalekwale a bayan dabbar dolfin da ake tallatawa a garin. Masu zuwa kallon kifi a Mnemba su san cewa tsibirin kansa na haya ne, ba a sauka a kansa, a ruwan gefensa ake tsayawa.

A kowane bakin teku matasa masu tallar yawo, da ake kira papasi, za su tare ku. Wasunsu na da gaskiya, amma kada ku ba kowa cikakken kuɗi yau don tafiyar gobe. Mutum ɗaya ya yi ciniki a madadin kowa, a ba da ɗan kafin alƙalami, a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, har da kuɗin shiga da abinci, a cika bayan an dawo. Lissafin ciniki ba zai yi muku wuya ba, domin ishirini, arobaini, hamsini da sitini duk kunnenku ya san su. Agogo ne ke rikita baƙo: Waswahili daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, saboda haka saa mbili a bakin direba ƙarfe 8 na safe ne. Ku nuna masa lokacin a fuskar waya. Hayar mota da tuƙa kanku na buƙatar takardar izini ta Zanzibar ban da lasisinku, ta hagu ake tuƙi, shingayen 'yan sanda kuma da yawa, don haka ga taro direba guda na duk mako ya fi kwanciyar hankali.

Salla, abinci da lafiya

Alƙibla a Zanzibar arewa take, kusan sak, domin tsibirin na kudu da Makka ne kai tsaye. Wanda ya saba fuskantar gabas ya kiyaye wannan a ɗaki da bakin teku. Yawancin masallatai na Shafi'awa ne, za ku ji liman ya bayyana bisimilla, ya kuma yi alƙunutun asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u. Akwai na Ibadawa 'yan asalin Oman ma. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ya daina ƙasaru, don haka kwana biyar na bakin teku cika salla ake yi. A cikin gari da ƙauyuka, maza da mata su rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa, kada kuma a ɗauki hoton mace ba tare da izininta ba.

Abincin ba zai yi muku baƙunta ba: shinkafar pilau da biriyani, shinkafa da madarar kwakwa, ugali wanda tuwon masara ne, mishkaki wanda tsire ne, kifi gasasshe, da urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai. Yajinsu bai kai namu ba, ku zo da naku a kwalba. A manyan otal na bakin teku ana sayar da giya, wasu kuma na dafa naman alade, ku tambaya. Kasuwar dare ta Forodhani wurin zuwa ce, sai dai kifi da jatan landen da aka jera a tebur sau da yawa dafaffe ne tun rana ana ɗumamawa, kuma daga nan gudawa ke kama baƙi. Ku ci abin da aka soya a gabanku, ku sha ruwan rake da aka matse kuna gani, ku ji farashi kafin a zuba a faranti.

Iskar teku na ɓoye zafin rana, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa ta saɓule, musamman kafaɗa da wuya bayan awa biyu a ruwa. Ku shafa man kariya, ku yi iyo da riga, kowa ya sha lita uku na ruwa a rana. A jakar taro a sa gishirin gudawa, maganin zazzaɓi da ciwon kai, filasta, hantsaki da man korar sauro. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a tsibirin amma bai ƙare ba, kuma abokin da ya daɗe a Turai garkuwar jikinsa ta yi rauni, ya ga likita ya karɓi maganin rigakafi kafin ya taso. Layin waya ana yin sa da fasfo a shagon Vodacom, Airtel ko Yas a birni, biyu sun ishi taron.

Daren ƙarshe ku kwana a birni idan jirginku na safe ne ko na asuba, domin taya ɗaya da ta fashe a hanyar Nungwi ta isa ta sa mutum shida su rasa jirgi. A daren ne ma'aji zai karanta lissafi a gaban kowa, a raba ragowar, a canza shilin ɗin da ya saura tun da ba shi da kasuwa a gida. Ku duba akwatuna ku fitar da murjani, manyan ƙoƙunan dodon koɗi da duk wani abu na ƙoƙon kunkurun teku da wani ya tsinta ko ya saya, fitar da su haramun ne kuma ana ƙwacewa a filin jirgi. Ku isa filin saura awa uku a tashi, katin shawara na tare da fasfo, don ana iya neman sa a inda za ku sauya jirgi da kuma inda za ku sauka.